Nawa Ka Taya?

Shekara arba'in ina laluben raguna a Unguwa Uku.
Ba na tambayar mai dabba abin da ya ba ta.
Yatsa uku a gindin wutsiya, babban yatsa a kwiɓi,
sai in ce: wannan kanwa aka ɗura masa, ruwa ne;
wancan harawa ya ci, ya wuni a inuwa.
Mahautan Ƙofar Mazugal shaida ne,
in na faɗi kitse, wuƙa ba ta ƙaryata ni.

Yau ni ne a kan benci, a soron gidana na Gyaɗi-Gyaɗi,
rigata a jikin ƙusa, iska na shafa min baya.
Nazifi, jikana, ya dawo daga jami'a
da wani abu mai baki irin na ƙaguwa,
rabinsa hantsaki, rabinsa agogo.
Wai an ce su auna mutum ashirin kafin Litinin,
ni ne na bakwai, bayan mai shayi da ladan.

Ya ce: Tsoho, miƙe, saki hannun dama.
Ya ɗiga min tawada a bayan damtse,
tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu,
ya cafko ni kamar mai ƙwatar bashi.
Na ce: Kai, ka haɗa da tsoka!
Fata za ka ɗago, ka girgiza ta kaɗan,
kitse zai biyo ta, nama ya koma gidansa.
Ya dube ni, ya dubi takardarsa.
Ya ce haka malaminsu ya faɗa, da Turanci.

Bakin ƙaguwa ya rufe. Ba zafi, sanyi ne dai.
Ya ƙirga ɗaya, biyu, allura ta tsaya.
Goma sha huɗu.
Ya sake, ya kuma, sau uku a wuri ɗaya,
don fata ma tana canza magana.
Gaban damtse, tara.
Ƙarƙashin allon kafaɗa, ashirin da huɗu,
wurin da ban taɓa gani ba, ga shi yana da lamba.

Da ya zo saman ƙugu sai hannunsa ya cika.
Nan balangun Fagge yake kwance,
nan man shanun Gambo, Allah ya jiƙanta,
wadda ba ta taɓa yarda tuwo ya zo min tsirara ba.
Nan shekarun da na daina tafiya kasuwa da ƙafa,
na sayi babur, sannan na sayi kujera.
Ashirin da takwas, in ji shi.
Bai san mutum nawa ya matse a ciki ba.

Yana haɗa lissafi, yana bin layi da biro,
ni kuwa na tsunkuli kaina a ɓoye, yadda na saba,
na ce a raina: in rago ne, kashi ɗaya cikin uku.
Ya ɗago: talatin da biyu cikin ɗari.
Amma kintace ne, Tsoho, yana iya hawa, yana iya sauka,
ya danganta da hannun mai awo.
Na ce: ai kullum da hannu ya danganta.

Ya ce in rage maiƙo, in riƙa takawa bayan asuba,
ko zuwa Dangi ne in dawo.
Na ce to. Ban ce yaushe ba.

Ina sa riga, tambaya ta kuɓuce min:
Nazifi, nawa ka taya?
A kara, irin wannan kwiɓin
sai a ja ni gaba, a ɗaura min jan zare.
Ya rufe ƙaguwar a akwatinta, bai yi dariya ba.
Ya ce: Ba na sayarwa ba ne.
So nake in sake auna ka baɗi.